Vim ya ƙi karɓar Alt: ɓ ɗ ƙ ba su fitowa, sai ma cinye mani rubutu yake

Ɗan_Kusugu

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Don Allah masu amfani da editan rubutu na Vim ku taimaka mani kafin in fasa laftof ɗin nan.

Kawuna ne ya ba ni aikin buga mashi rubutun hannunshi na tarihin unguwannin Daura da sarautunta, kuma dattijon ba ya wasa da haruffa masu lanƙwasa, in ya ga k a wurin ƙ jan biro kawai zai zana ya maido maka takardar ba magana. Ni kuma Ubuntu nake amfani da shi, na saba da Vim tun muna makaranta, to sai na ce bari in ɗaure haruffan a kan Alt in huta da kwafowa daga waya. Ga abin da na sa a .vimrc, fayil ɗin saitin Vim (M ɗin nan Alt ke nan):

inoremap <M-b> ɓ
inoremap <M-d> ɗ
inoremap <M-k> ƙ

A taminal ko ɗaya bai aiki. In na danna Alt+k sai ya fidda ni daga insert, wato yanayin rubutu, kursa ta haye layin sama, Alt+b ta koma baya, shi kau Alt+d shi ne mugun, ina cikin rubuta haɗe sai na ga kalmomin gaba sun ɓace, da ba don u mai dawo da abin da aka goge ba da aikin safe duk ya tafi, kuma abin haushin ina kallon takardar kawu ne ba allo ba saboda haka sai na yi nisa nake ankara. Na buɗe gVim, wato Vim mai tagar kanshi ba cikin taminal ba, in gwada, can ƙ na fitowa lafiya, ɗ na fitowa amma da fili a bayanta kullum sai na goge, ɓ kuma wani menu yake buɗe mani a sama. Fayil ɗaya ne fa, layi ukun nan ne. Mi ke faruwa ne wai?

Bakatsine404

Wa alaikassalam. Aboki Vim ɗin ne ya tsufa, tun 1991 ake fama da shi, ka sauke Neovim kawai Alt na aiki ba wani dogon turanci:

vim.keymap.set("i", "<M-k>", "ƙ")

sai dai ka sani ba ya karanta .vimrc ɗinka, nashi yana ~/.config/nvim/init.lua. Ko kuma ka zo VS Code inda muke, a keybindings.json ka ba shi key alt+k, command type, args text ƙ, an gama. Mu mun daɗe da barin wahalar nan.

Malam_Root

Wa alaikumus salam ɗana. Layukanka uku lafiya suke, kar ka goge su, kuma kar ka yi saurin canza edita don Bakatsine ya ce, matsala uku ce daban-daban ta haɗu maka a wuri guda, za mu bi su.

Kafin komai ga abin da nake so ka saba da shi duk ranar da maɓalli ya ƙi jin magana: ka duba mi Vim yake karɓa a zahiri. Shiga insert, danna Ctrl+v, sannan ka danna Alt+k. Na tabbata abin da za ka gani shi ne ^[k. Wannan ^[ ɗin Esc ne. Ko a waje ma in ka buga cat a taminal ka danna Alt+k abin da zai fito ke nan. Wato taminal ɗinka bai taɓa ce ma Vim an danna Alt ba, abin da ya aika mashi Esc ne sai k a bayanshi, shi kuma Vim ya yi biyayya: Esc ya fidda kai daga insert, k ya hau layin sama. Haka b ya koma baya da kalma guda. Na haɗe ɗin nan kuwa, Esc ya tafi, d ya tsaya jiran mi zai goge, kai kuma ka ba shi e, de kenan, goge har ƙarshen kalma. Ka ga ba aljanu ba ne.

Dalilin tsohon zance ne. Taminal bai da wata lamba ta Alt, haruffa kawai yake aikawa, saboda haka tun da can aka samu hanya biyu: wasu su ƙara 128 a kan lambar harafin, wasu su sa Esc a gaba. Vim hanyar farko yake jira in ka rubuta <M-k>, taminal ɗin da Ubuntu ke zuwa da shi kuma ta biyu yake bi. Kamar ka aika yaro ya jira baƙo a Ƙofar Ƙaura ne alhali motar ta Ƙofar Marusa take shigowa. gVim ba taminal a tsakaninshi da kibod shi ya sa ƙ ta fito maka a can. In kana da lokaci ka karanta :help :map-alt-keys, duk yana ciki.

Maganin shi ne ka faɗa ma Vim yadda Alt ɗinka yake zuwa, ka sa waɗannan a saman layukanka:

execute "set <M-b>=\eb"
execute "set <M-d>=\ed"
execute "set <M-k>=\ek"

manyan haruffa ma haka, <M-K> da \eK, sai inoremap <M-K> Ƙ.

Na biyu, menu ɗin gVim. Buffers ne yake buɗe maka, don a gVim Alt da harafin menu na menu ne, F na File, E na Edit, B na Buffers. d da k ba mai su shi ya sa suka wuce. Sa set winaltkeys=no ya sakar maka Alt gaba ɗaya.

Na uku filin da ke bayan ɗ, ina kyautata zaton akwai fili a ƙarshen layin a .vimrc, ƙila wurin kwafo harafin ya biyo shi. Vim duk abin da ke bayan maɓallin har ƙarshen layi ɗauka yake cikin saitin, har fili, har bayanin da mutum zai rubuta da " a gefe. Buɗe fayil ɗin ka buga :set list za ka ga $ a ƙarshen kowane layi, in akwai rata tsakanin ɗ da $ to shi ne.

Gwada ka dawo mana.

Ɗan_Kusugu

Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ma rayuwa albarka. ^[k ɗin na gani kamar yadda ka ce, filin ma yana nan a layin ɗ, gVim ya daidaita tas. A taminal ma haruffan suna fitowa yanzu har manyan.

Amma wani sabon salo ya ɓullo. Yanzu in na danna Esc don in fita sannan na danna k in hau sama, maimakon ya hau sai ya rubuta mani ƙ kuma ina nan cikin insert ban fita ba, sai na danna Esc na ɗan tsaya kamar mai tunani sannan yake yarda, kuma hannuna ya riga ya saba da Esc k da sauri. Sannan in na zo neman kalma da / Alt+k ba ta ba ni ƙ, ga shi rabin sunayen unguwannin da ƙofofin da ƙ suka fara. Akwai kuma lokacin da duk suka daina aiki gaba ɗaya bayan na liƙo wani sakin layi da kawu ya turo ta WhatsApp, sai da na rufe na sake buɗewa.

Bakatsine na gode, VS Code ɗin laftof ɗina ba ta ɗaukarshi, in na buɗe shi da burauza fanka kawai take ihu cajin ya zube, mu kuma nan in an ɗauke wuta sai Allah.

Malam_Root

To madalla. Wannan na Esc k ɗin dole ya zo, tunda yanzu ka koya mashi cewa Esc da k a jere Alt+k ne, to ta ina zai gane wanda taminal ya aiko da wanda yatsanka ya danna? Da lokaci kawai. Taminal yana aiko su a manne, yatsa kuma ko ya kai ina da sauri akwai rata. Matsalar ita ce in ba ka saita komai ba Vim timeoutlen yake amfani da shi wurin jira, shi kuma 1000 ne, daƙiƙa guda cur, ka ga duk Esc k da ka yi cikin daƙiƙa ya zama ƙ. Sa wannan:

set ttimeout
set ttimeoutlen=50

Lura t biyu ne a farko, daban yake da timeoutlen. In ta SSH kake shiga wata na'ura kuma netwok na wasa ɗaga shi zuwa 100. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, tun Vim 8.0 na 2016 akwai fayil defaults.vim da yake saita wannan a 100 da kanshi, amma ranar da ka ƙirƙiri .vimrc naka ya daina lodawa, shi ya sa mutum zai ce ni daga yin .vimrc Vim ya canza mani hali. In kana cikin tmux, mai raba taminal gida-gida, shi ma yana da nashi jiran, escape-time, a tsofaffin bashan 500 ne, ka rage shi a .tmux.conf.

Na nema kuma, inoremap insert kaɗai ya sani. Maida su noremap! mai alamar motsin rai, ya haɗa insert da layin umarni har da /.

Na WhatsApp ɗin, in ya sake yi kar ka rufe, buga :set paste? ka gani. In ya ce paste to shi ne, muddin yana kunne duk wani saitin maɓalli na insert a kashe yake, :set nopaste ya dawo da su. Duba .vimrc ko ka taɓa kwafo pastetoggle daga wani wuri ya ɗaure a kan F2 ko makamancinshi. In kuma nopaste ya ce, sai :verbose imap <M-k>, zai gaya maka fayil ɗin da ya taɓa maɓallin a ƙarshe, wani lokacin filogin ne yake ƙwace shi a ɓoye.

Yar_Jibiya

Salam. Malam gaisuwa da fatan an wuni lafiya, duk abin da ka faɗa haka yake amma ni da za a ji tawa da yaron nan ya rabu da Alt ɗin baki ɗaya.

Dalilina na farko: ni ina buga takardun Faransanci da Hausa a haɗe saboda mutanenmu da ke harka da Maraɗi, kuma wancan ƙarin 128 da Malam ya ambata yana da cizo. b da 128 a kai shi ne â, k kuma ë, d kuma ä. A wurin Vim <M-b> da â abu guda ne, sai ka zo rubuta bâtiment ka ga ɓ ta faɗo a tsakiya. Ƙanena kai ƙila ba za ka taɓa rubuta Faransanci ba, to amma Daura da Zinder ba nisa, in tarihin kawu ya taɓo Damagaram ka zo kwafo sunan wata takarda ta can za ka tuna da ni.

Na biyu kuma wanda ya fi damuna, gyara. Aikinka fa yawanci gyaran k zuwa ƙ ne, kana so ka tsaya a kan harafi ka danna r ka ba shi ƙ, ko ka yi f ƙ ka tsallaka kanta, to noremap! ba ya kaiwa can. Vim yana da abin da aka yi musamman don wannan, keymap, shi masu rubuta Rashanci da Girkanci da Larabci suke amfani da shi, mu ne dai ba mu cika leƙa shi ba. Ƙirƙiri fayil ~/.vim/keymap/hausa.vim ka sa:

scriptencoding utf-8
let b:keymap_name = "ha"
loadkeymap
q ƙ
Q Ƙ
x ɗ
X Ɗ
v ɓ
V Ɓ

sai a .vimrc set keymap=hausa. Na zaɓi q da x da v ne don boko na Hausa bai da su, suna zaune a kibod ba aikin fari, danna ɗaya harafi ɗaya, ba Alt ba jira ba taminal a cikin maganar. Kuma bai taɓa normal ba, wato yanayin ba da umarni, x ɗinka na gogewa da v na zaɓe suna nan yadda suke, insert da nema da r da f da t kawai yake shiga. In ka zo kalmar Turanci mai x ko v danna Ctrl+^ a cikin insert, a yawancin kibod Ctrl+6 ne, ya kashe, ka sake dannawa ya kunna, za ka ga ha a ƙasa kusa da INSERT in yana kunne.

Wasu suna sa k' ya ba da ƙ, d' ya ba da ɗ, ya fi sauƙin tunawa gaskiya, amma ni ban so, saboda duk k da d da b da ka danna sai Vim ya riƙe ta yana jiran ko ' na tafe, kuma ka san yawan da da ba da ka a Hausa, ido na gajiya da wannan ƙyafta-ƙyaftar.

ƴ ban sa maka ba da gangan, mu a Najeriya 'y muke rubutawa, 'ya'ya, 'yan kasuwa, mutanen Nijar ne suke amfani da ƴ. In ka buƙace ta sau ɗaya Ctrl+v u01b4 a insert. Sauran ma ga lambobinsu don wata rana kana kan na'urar wani: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, Ɓ 0181, Ɗ 018a, Ƙ 0198. In kana shakkar harafin da ke gabanka tsaya a kai ka danna g sannan a, wato umarnin ga, zai nuna maka lambar, yana da amfani sosai ga rubutun da aka turo ta waya.

Bakatsine404

Hajiya ke da Malam kun maida abin karatun digiri wallahi. Duk wannan a cikin Vim kaɗai zai yi aiki fa, in ya fita zuwa burauza ko LibreOffice ya koma gidan jiya. Linux yana da kibod na Hausa tun tuni, setxkbmap ng -variant hausa, ko ya shiga Settings ya ƙara shi a Input Sources, Windows ma yana da nashi, ga Keyman. A gyara a tushe mana a huta.

Yar_Jibiya

Wannan gaskiyarka ce, wanda yake rubuta Hausa ko'ina ya sa na sistem. Amma ga mai Vim akwai abin lura, kibod na sistem bai san kana insert ko normal ba, duk maɓallin da ya canza ma wuri ya canza har a umarni, sai ka riƙa juyawa duk fita duk shiga. keymap ya san inda kake. Kuma setxkbmap na tsohon tsarin allo na X ne, sababbin Ubuntu sabon tsarin Wayland suke tashi da shi, can ta Settings ɗin ce hanya. Ni duka biyun nake da su, na sistem don wasiƙa da Facebook, keymap don dogon aiki.

Malam_Root

Hajiya ta fi ni hanya a nan, ɗana bi tata. In ka koma keymap ka cire layukan execute ɗin da na ba ka, ba su da sauran aiki kuma su ne ke jawo rikicin Esc. ttimeoutlen ka bar shi, yana sa Esc sauri ko ba komai.

Ɗan_Kusugu

Anti na gode ƙwarai, na koma keymap, r q a kan k yana maida ta ƙ nan take, wannan kaɗai ya rage mani rabin wahala don shafukan farko duk da k na buga su. Yatsana dai har yanzu yana zuwa Alt da kanshi amma zai saba. Na paste ɗin ma Malam ya canka, akwai pastetoggle a kan F2 a can ƙasan fayil ɗin.

Abu ɗaya, Ɗ babba da Ɓ suna fitowa wani iri a taminal kamar ba 'yan gida ɗaya ba da sauran haruffan, sun ɗan karkace, amma umarnin ga ya nuna 018a daidai.

Yar_Jibiya

In lambar daidai ce to fayil ɗinka lafiya lau, font ne bai da harafin sai aka aro daga wani. Canza na taminal zuwa Noto Sans Mono. Kuma ka tuna da wannan ranar da za ku kai ma mai bugawa, ku fidda PDF da kanku da font mai haruffan a ciki, kar ku ba shi fayil ya buɗe a tashi kwamfutar ya cika maku littafi da akwatuna.

Almajirin_Linux

Salam manya, ku yi haƙuri na shigo a makare, ina Dutsin-ma ne ina bin zancen nan tun farko. Na yi duk yadda Anti ta ce harafi da harafi, fayil ɗin yana nan a ~/.vim/keymap amma q tana nan q, Ctrl+6 ma bai komai, execute ɗin Malam kuma da na gwada kuskure yake ba ni wai babu umarnin a wannan bashan. Sabon Ubuntu ne ban sa komai ba, vi nake bugawa in shiga.

Malam_Root

Ɗana ba cikakken Vim gare ka ba, ƙaramin ne da ake kira vim-tiny, shi Ubuntu yake zuwa da shi a matsayin vi kuma an cire mashi abubuwa da yawa. Buga vi --version ka duba jerin, za ka ga -keymap da -eval da alamar ragi a gaba, na Ɗan_Kusugu ƙari ne a gaban nashi tunda ya sauke gVim. Yi sudo apt install vim, ba wata data mai yawa zai ci maka ba, sannan ka sake duba --version ɗin, in ka ga +keymap gwada q ɗin. In har yanzu bai yi ba turo mana abin da :set keymap? da :set iminsert? suka ce.